Inda Sandar Ke Kaiwa

Sandar ta fasa wa Mele goshi, jini ya rufe masa ido, amma bai motsa ba.

"Ga makarantar jin daɗin jama'a ta Kano nan, gwamnati ta ɗauke maka komai, kana fitowa sai ofis," in ji mahaifinsa, Baba Kaumi, yana huci. "Amma ka tsallake ta, ka zaɓi ta Kaduna, wai za ka koyi jinyar mahaukata?"

"Ita ma kyauta ce, Baba."

Tsohon ya sake zabga masa a kafaɗa, har sandar ta tsage. "Ni za ka kunyata a garin Roni, Mele?"

Ƙanwar Mele, Aisa, ta riƙo rigarsa tana kuka. "Yaya, ka ja baya mana. Ka san ba ya iya kawowa nan."

Gaskiyarta. Sarƙar da aka ɗaure ƙafar tsohon da ita, tun shekarar da aka yi fari hankalinsa ya taɓu, a bakin ƙofa ta ƙare.

Mele ya share jinin, ya ƙara matsawa gaba.

"Ƙyale shi, Aisa. Ba ki ji ba? Yau ya gane ni. Sunana ya kira."