Ban Gane Ba, Sake

Wata huɗu da rasuwar matata, 'yarmu ta kawo sakamakon gwajinta na farko a sakandare. Ta faɗi darussa biyar. Shugabar makaranta ta rubuta a ƙasa da jan biro: in ta sake faɗuwa a jarabawar ƙarshen zango, ta rasa gurbinta.

Wai a gidana, ni da littattafai suka hana ni wurin ajiye takalmi. Na zana mata jadawali, na manna a bango, na tsaya a kanta ina gyara kowane kuskure tun kafin ta rufe baki.

"Baba, kai ka cika sani," ta ce, ta ture littafin. "Umma ba ta taɓa gyara mini ba."

"Da me za ta gyara? Ko sunanta ba ta iya rubutawa ba."

"Ai shi ya sa. Tana ɗinki, ina koya mata. In na fara kame-kame sai ta ce, 'Ban gane ba, sake.' Dole in koma in duba."

Shekara shida ina jiyo su daga ɗakina, ina kiran abin surutun mata.

Saura mako uku. Kullum bayan la'asar ina zama a kujerar keken ɗinkin, yarinya tana koya mini yadda jini ke zagaya jiki. Gyara na zuwa bakina, in haɗiye, in ce, "Ban gane ba, sake."

Jiya ta yi dariya. "Baba, Umma ta fi ka saurin ɗauka."

Ta fi ni. Shekara ashirin muna tare, ban taɓa gaya mata ba.