Askar Wanzami da Allurar Asibiti

Ka ga, an yi wani wanzami da ya shekara talatin yana aski a gindin wata ceɗiya, hannunsa bai taɓa kuskure ba. Wata shekara sai hannun nan ya soma rawa. Ranar da ya kankare wa limamin unguwa rabin gira, ya ce laifin aska ne, ya yi ta wasa ta har ta koma kamar tsinke. Yana tashi da malmala huɗu ta tuwo amma sai ramewa yake, wando na zame masa a tsakiyar aiki. Zufa na keto masa ko da ruwa ake tafkawa, zuciya na bugawa kamar kalangun 'yan dambe. Idanunsa suka firfito, har masu zuwa aski suka riƙa ba shi haƙuri ba su san laifin da suka yi ba. Da wuyansa ya tasa kamar ya haɗiye ƙwan agwagwa, cewa ya yi ƙiba ce ta fara daga sama. Kafin kaka bencinsa ya zama wayam, don ba mai miƙa maƙogwaronsa ga aska mai karkarwa.

Yayarsa ce ta zo ganin gida, ta dube shi sau ɗaya ta ce, "Wannan ai maƙoƙo ne irin na Inna, yana bin jini. Nawa kasala da jin sanyi ya sa mini, naka kuma ya hura maka wuta. Tashi mu je asibiti." Can aka ce sai an ɗebi jini a gwada. Da ganin allura, mutumin da ya yi wa rabin garin ƙaho ya rantse ya warke, ya fara laluben takalmansa. Malamin jinyar, wani ƙato mai gemu, ya kama damtsensa ya ce, "Haba Baba, ai kai ka yi mini kaciya, ka ce namiji ba ya kuka." Wanzami dai ya yi kukansa, har masu jira a waje suka leƙo. Aka ɗora shi kan magani, cikin 'yan watanni hannu ya tsaya, jiki ya murmure, jama'a suka dawo. Sai dai duk ranar da za a sake gwajin jini, sai ya tuna ana jiran sa askin suna a ƙauye, kuma kullum yayar ce ke tasa ƙeyarsa. Gaskiyar masu iya magana: wanzami ba ya son jarfa.