Lambun da Ya Lashe Gasar Bana

Sau uku muka danna ƙararrawar gidan tsohon likitan, mu huɗu 'yan kwamiti, kofin azurfa a hannun shugabarmu. Lambunsa ne ya lashe gasar bana. A garin da kowane gida ke da mota biyu da askakken shinge, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

"Yana jinmu, jan aji ne kawai," na ce.

Injin yankan ciyawarsa mai tuƙa kansa ya zo ya bugi takalmina, ya juya.

Daga ƙarshe 'yan sanda ne suka ɓalle ƙofar. Sun ce gawarsa ta kai wata biyu a kujerar falo. Injin yana fita kowace safiya, famfo yana ba furanni ruwa da kansa, mu kuwa muna wucewa muna yabawa.

"Allah sarki, bai taɓa takura wa kowa ba," in ji shugabar. Ta dubi kofin, ta dubi takardarta. "To, wa ya zo na biyu?"

Ni ce. Shinge ɗaya ne ya raba gidana da nasa. Kofin yana nan a tagata, kullum sai na goge shi.