Sakatar Ƙofar Baya

Saura minti goma a ɗaga labule Maud ta ambaci sunan wasan.

A ɗakin kwalliya kowa ya juyo ya dube ta. Ba a faɗin sunan wannan wasan a cikin gidan wasa, don an ce yana jawo masifa. Wanda bakinsa ya suɓuce sai ya fita waje, ya juya sau uku, ya tofa yawu, ya ƙwanƙwasa a buɗe masa.

"Shekara talatin a kan dandamali, yau kuma tsufa ya kama bakin?" in ji mijinta Alasdair, mai kula da fitilu.

"Ji mai maganar tsufa," ta ce tana dariya. Ta ɗauki rigar ruwanta da jaka, ta fita ta ƙofar baya.

Wata matashiyar 'yar wasa, Rhona, ita ce kusa da ƙofar. Shekara uku tana haddace maganganun sarauniya, rawar da Maud ke takawa a wasan, don ranar da Maud za ta kwanta ciwo, Maud kuwa ko mura ba ta yi. Ita ta koya wa Rhona tsayuwa da jan numfashi, kofi ɗaya suke shan shayi. Amma yau da rana wani mai neman 'yan wasa daga Landan yana zaune a layi na uku.

Rhona ta waiwaya, ba mai kallonta. Ta tura sakata.

"Na leƙa, ba ta nan," ta gaya wa shugaban wasa, alhali ba ta leƙa ba.

Aka ɗora mata kambi. Ta hau dandamali ta zuga mijinta na cikin wasa ya ci amanar sarkinsa, tsoron da ke cikin muryarta na gaske ne. Duk bugun ganga sai ta ji kamar ƙofa ake bugawa. Da aka sauke labule, mutane suka miƙe suna tafi, har da na Landan.

Alasdair ya same ta a bayan labule ta kasa cire kambin. Ba ta iya duban fuskarsa ba.

"Ni na kulle ta a waje," ta ce.

Ya naɗe wayar fitila a hannunsa, ya ce:

"Maud tana shagon shayin tsallake, na leƙa ta da aka yi hutun tsakiyar wasa. Da ma ba ta yi niyyar ƙwanƙwasawa ba, 'yata. Ita ta rubuta wa mutumin Landan ya zo ya gan ki. Sai dai ba ta riga ta bar jikin ƙofar ba lokacin da kika tura sakatar, ta ji ƙarar."