Hannu Mai Laushi a Matsar Stefanizzi

Donna Vincenza ta kasa zama. Ta leƙa taga, ta shiga kicin, ta sake fitowa tsakar gida inda ramin zuba zaitun yake, ta tsaya a kansa tana sauraron gurnanin dutsen niƙa daga ƙarƙashin ƙasa. Tun shigowar sanyi haka take yini.

Mijinta, Don Liborio Stefanizzi, shi ne babban ɗan kasuwar mai a garinmu. Kakansa ya haƙa matsar man zaitun cikin dutse a ƙarƙashin gidan, ubansa ya sayi gonakin zaitun, shi kuma ya kai man har jiragen ruwa na tashar Gallipoli. Ɗa namiji ɗaya Allah ya ba su, Donato, wanda tun yana ƙarami aka kai shi karatu birnin Lecce, har mutanen gari suka manta kamanninsa. Da sabuwar gwamnati ta jefa ƙuri'ar shiga soja, sunansa ya fito. Bai je ba. Yana nan ɓoye a matsa, ƙarƙashin ƙafar uwarsa.

Babu maɓoya kamar matsa. Ma'aikata in sun sauka a farkon sanyi, ba sa ganin rana sai bazara. Can suke ci, can suke kwana tare da alfadarin da ke juya dutsen niƙa. Dukansu masunta ne daga bakin teku, dangin Quintino sarkin matsa, har da ɗansa Ippazio da ya zo karon farko. Labarin da ke hawowa ta ramin shi ne Quintino ba ya barin yaron ya taɓa ko tsintsiya, kuma da kansa yake shafa masa mai a hannu safe da yamma.

"Ki zauna mana, kin hana ni shan kofi," in ji Don Liborio.

"Kai dai sha abinka. Ba kai ka yi naƙudarsa ba."

Da hantsi sojoji suka zo, gabansu wani saje ɗan arewacin ƙasar mai ji da wayonsa. Suka birkice ɗakuna, suka leƙa tulunan mai ɗaya bayan ɗaya. Har sun juya, sajen ya tsaya cak ya kasa kunne.

"Me ke ƙasa?"

"Mai da wari, yallaɓai. Za ka ɓata takalminka," in ji Don Liborio.

"Na gwamnati ne."

Mace ba ta sauka matsa, amma ranar Donna Vincenza ta bi su. Zafi da warin tunkuza suka tare su tun daga matakala. A hasken fitila mutanen duk kamarsu ɗaya, gemu buzu-buzu, jiki baƙi ƙirin da dauɗa. Wani saurayi na bin alfadari da tsumma a hanci, bai ɗago kai ba. Wani na zaune kan buhu a lungu, Quintino tsaye kusa da shi.

"Duk 'ya'yan ruwa ne, yallaɓai," in ji Quintino. "Ɗan masu gida me zai zo nema a wannan kabari?"

Sajen ya yi murmushi. "Ku miƙo hannuwa."

Ya bi su yana juya tafukansu a gaban fitila. Duk kanta da tsagewa. Na mai bin alfadari ma bororon da suka yi ya fashe ya bushe ya yi tauri, sajen ya yar da su ya wuce. Da ya kama na saurayin lungu sai ya daɗe yana shafawa.

"Wannan hannun bai san igiya ba. Sannu da hutawa, ɗan Don Liborio."

Saurayin ya dubi Quintino. Quintino ya dubi dutsen niƙa.

"Ni ne," in ji saurayin.

A bakin ƙofa Donna Vincenza ta yafa masa mayafinta, ta ce Allah ya dawo da shi, amma ta kasa kallon idonsa. Don Liborio kuwa ya sa aka ɗora wa sajen tulun mai, don shi mutum ne da ba ya sallamar baƙo hannu rabbana ko da baƙon ya zo tsire shi ne.

Da bazara ma'aikata suka fito suna kare ido daga rana. Don Liborio ya ce gidan ya yi masa shiru, ya riƙe Ippazio a shago, ya ba Quintino gonar zaitun ta hanyar coci. Daga baya ma sunansa ya ba yaron, ya bar masa dukiyar kaf. Stefanizzi na yau duk jikokinsa ne, kuma in suka fara ba ka labarin kirkin Don Liborio sai ka nemi wurin zama.

Abin da ba su cika faɗa ba shi ne ranar addu'a. Shekara na zagayowa kwalara ta shiga barikin soja, wani da aka sallamo ya kawo labarin mutuwar ɗan Stefanizzi. Coci ya cika maƙil. Donna Vincenza na sahun gaba cikin baƙaƙen kaya, Ippazio a gefenta. Sai mutsu-mutsu take tana waiwayen ƙofa, idonta a bushe, mata na zunɗenta wai zuciyarta ta ƙeƙashe. Can baya Quintino ya yi ta rusa kuka har sai da mutum biyu suka fitar da shi a rirriƙe. Mutane suka ce ka ga bara mai amana.

Limamin coci ya ɗaga murya ya kira sunan mamacin.

"Donato."

Ippazio ya ɗago kai zai amsa, Donna Vincenza, uwar da ta haife shi, ta danne masa gwiwa.