Sawu a Cikin Toka

Wani ƙazami ke fitsare min furanni!

Damina na faɗuwa na shuka su kashi biyu. Na rana sun yi fes, na inuwar darbejiya kuwa sun ƙone, sai zarni. Na zage 'ya'yan 'yan haya tas, na kai uwarsu Nkolika gaban mai unguwa. Malam, maigidana, har da cewa, "Allah ya tona asirinsa, Hajiya!"

Na ce amin, na barbaɗa toka a wurin.

Da safe ga sawun ƙato, gefensa shatin sanda.

Sanda ɗaya ce a gidan nan. Ga ta can jingine, gindinta duk toka, mai ita, Malam, yana jan carbi.

Tir! Yau Tudun Wada za ta ji mu.