Akwatin da Ke Kan Tebur

Shugaban ƙungiyar masu gidajen kallo ya yi ta sauya hula a gaban madubi har sai da matarsa ta gaji.

"Sarkin ƙorafi, yau dai kunnuwana za su huta," in ji ta. "Je ka faɗa wa duniya."

Ya daɗe yana roƙon tashar talabijin ta gwamnati ta ba shi dama ya soki shirin sauya tsarin watsa shirye-shirye zuwa na dijital. Ƙorafinsa ɗaya ne: za a kashe tsohon layi alhali ba a raba wa jama'a akwatunan kama sabon ba, gidajen kallo kuwa su mutu. Kullum ana ce masa ya dawo gobe. Kwatsam sai ga gayyata, kai tsaye, ba tare da tace ko kalma ɗaya ba. Ya tabbata idan jama'a suka ji shi, dole hukuma ta dakata.

A harabar tashar ya tarar da manyan ma'aikatar sadarwa a ƙarƙashin rumfa, ɗayansu yana danna wani jan maɓalli, sauran suna tafi. Ya wuce su yana ɗaga kai, don bukukuwansu ba sa ƙarewa.

Daraktan tashar da kansa ya tarbe shi, fuska cike da fara'a. Ya ajiye masa sabon akwati a kan tebur domin ya yi misali da shi.

"Malam, ka faɗi duk abin da ke ranka. Akwatin ne kawai za ka riƙe a hankali, ba mu da wani."

Fitila ta kama, Shugaba ya buɗe baki. Ya ce an sayo linzami kafin a ga doki. Ya ce kwamitin da aka kafa bai taɓa hawa rufi ya juya eriya ba. Ya ɗaga akwatin sama yana girgiza shi, yana tambayar wace tsohuwa ce ta taɓa ganin irinsa. Yana jiran a katse shi, ba a katse ba. Aka buɗe layin masu kira, wayar ta yi shiru, ya gane cewa gaskiya ta ɗaure bakin ƙasa baki ɗaya. Mai ɗaukar hoto har hawaye yake yi don dariya.

Ya fito kamar ƙafafunsa ba sa taɓa ƙasa. Ya gai da mai gadi, ya gai da mai gyaran takalmi, ya ɗaga wa waɗanda bai sani ba hannu. A shagon aski ya ga mutane sun yi cirko-cirko, wani yana dukan talabijin da tafin hannu. Daɗi ya ƙara kama shi: har fushi ya sa su.

Ya shiga gida yana gyara babbar riga.

"To, uwargida, yaya kika ga mijinki?"

"A ina? Tun kafin ka fara talabijin take ta yayyafin ƙura, babu hoto. Rediyo ta ce an danna maɓalli, sai mai akwati ne zai ga tashar daga yau."

Shugaba ya zauna a hankali. Akwati ɗaya tak ya iso garin, shi ne wanda ya yi ta girgizawa a hannunsa, ko daga leda ba a fitar da shi ba.